Tsofaffin Wasannin Bidiyo: Hajar Da Ba A Sayarwa, Ba A Bayar Da Aronta

A watan Oktoba na shekarar 2024, Ofishin Kula da Haƙƙin Mallaka na ƙasar Amurka ya yi watsi da buƙatar masu adana kayan tarihi, ta a ƙyale ɗakunan karatu su riƙa buɗe wa masu bincike tsofaffin wasannin bidiyo daga nesa ta intanet. Ke nan malamin da ke son nazarin wani wasa na shekarun 1980, tilas ya yi tattaki zuwa inda aka ajiye shi, kamar gidan tarihi na Strong da ke birnin Rochester.

Tushen taƙaddamar shi ne wata doka ta 1998, wadda ta haramta karya makullin da kamfanoni ke sa wa manhajojinsu. Duk bayan shekara 3 akan duba inda ya dace a sassauta. A 2015 da 2018 an ba ɗakunan karatu izinin farfaɗo da wasu wasannin, amma a cikin harabarsu kaɗai.

Ƙungiyar kamfanonin wasannin, wato ESA, ta kafa hujja da cewa jama'a za su mai da ɗakunan karatu gidan wasa na kyauta, abin da zai karya kasuwar tsofaffin wasanni. Ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a nan ba, domin kamfanin Nintendo yana karɓar kuɗin rajista daga masu buga wasanninsa na da.

To amma alƙaluma sun nuna wani abu dabam. Binciken da wata gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta wallafa a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Hajar da mai ita ya janye daga kanti, da wuya a gane cinikin da aronta zai rage masa.

Jira kuma ba mafita ba ne. Haƙƙin mallakar kamfani a Amurka yakan kai shekara 95, wato Super Mario Bros. na 1985 ba zai zama na kowa ba sai a 2081, alhali kaset da faifai suna lalacewa tun kafin nan. Wasu wasannin ma ba su taɓa hawa faifai ba: a watan Maris na 2023, da Nintendo ya rufe shagunansa na intanet na na'urorin Wii U da 3DS, hanyar sayensu ta halal ta toshe.