Motar Kara da Motar Langa-langa a Diffa da Bakin Komadugu

Motar kara ita ce 'yar motar da yara maza ke haɗawa da karan gero ko na dawa, su ɗaura mata zare su ja, ko su kafa mata dogon kara su tura. 'Yar'uwarta ita ce motar langa-langa, wadda ake yi da gwangwani da guntayen kwano da waya. An san su duk faɗin ƙasar Hausa da Barno, sai dai kowane gari da irin tasa, domin yaro abin da ke wucewa ta gabansa yake ƙerawa. A Diffa da garuruwan bakin Komadugu yawancin mazauna Barebari ne, Mangawa da Mobar, ga Fulani da Tubawa da Larabawa da Hausawa 'yan kasuwa. Wasan bai ware kowa ba. Sunayen kayan motar ma gauraye suke, wasu daga Faransanci ta bakin direbobin Nijar, wasu daga Ingilishi ta bakin na Najeriya, kamar yadda sefa da naira ke yawo tare a kasuwar garin.

Abin da ke wucewa ta gaban yaron Diffa sananne ne. Babbar kwaltar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi da Damagaram da Maine-Sorowa, ta ratsa garin bayan tafiyar sama da kilomita 1,300, ta miƙe zuwa Ngigmi. A kanta ake ganin manyan motocin da ke ɗaukar buhunan busasshen tattasai da kwalayen banda daga Tafkin Chadi, da tankokin mai, da dogayen bas-bas masu zuwa Yamai, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke shiga rairayin arewa wajen Ngurti. Waɗannan su ne malaman yaran, kuma a cikinsu motar tattasai ce ta fi shiga ransu.

Wasan yana da lokacinsa. Da damina kowa na gona, kara kuma ɗanye ne. Sai an yi girbi, kara ya bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sannan ake buɗe gareji a gindin bishiya ko a bayan danga. A wannan yanki kara ba abin banza ba ne: ana danga da shi, ana rumfa, ana tara wa dabbobi don rani. Saboda haka mai ƙira yakan tsinci wanda ya zube, ko ya zare ɗaya-biyu daga dangar gida, abin da kan jawo masa faɗan uwa. Kogin ma yana ba da nasa. Komadugu, wanda ruwan Haɗeja da na Jama'are suka haɗu suka haifa, yana isowa da damina, ya cika ya batse a farkon sanyi, ya janye da rani ya bar tafkuna. Inda ya janye nan ake samun laka mai danƙo, da ita ƙananan yara ke gina shanu da dawaki da raƙuma, wani lokaci har da tayoyin mota. Gorubar da ke bakin kogin kuwa tana ba da kaba don ɗauri.

Sirrin motar kara shi ne kara ɗaya yana ɗauke da kaya iri biyu. Akwai ɓawo mai tauri da santsi a waje, akwai totuwa mai laushi a ciki. Ana ɓare ɓawon a tsattsaga shi siri-siri, shi ne ƙusa, shi ne ginshiƙi, shi ne ƙarfen taga. Totuwar kuma ita ce katako. Ba a bukatar gam ko guduma. Sokewa kawai ake yi, tsinken ɓawo ya shiga totuwa ya kama. Ana fara shimfiɗa dogayen totuwa biyu a haɗa su da gajeru, wannan shi ne gindin mota. A kansa ake ta da kai, wato mazaunin direba, sannan bodi. Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, shi ya sa da wuya a ga gwanin wannan aiki ba tare da 'yan yanka a yatsunsa ba. Inda ake son ƙarin ƙarfi akan sa ƙayar aduwa a madadin tsinke.

Taya ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. A dā sakaina ake fafewa a goga ta a dutse har ta zagaye. Da silifas ya yawaita sai ya kori sakaina, domin robarsa tana yankuwa da sauƙi, ba ta fashewa, kuma tana kama ƙasa. Akan kifa bakin gwangwani a kan tsohon silifas a zana da'ira, a bi ta da reza, a huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Idan hudar ta kauce ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa ɗingishi, 'yan kallo kuma ba sa yafe wannan. Wasu kan haɗa murafun kwalba biyu baki da baki, musamman don ƙananan motoci. Sandar da ke riƙe tayoyin, tsinken tsintsiya mai kauri ce ko wayar keke, ana zura ta cikin bututun tsohon biro a ɗaure bututun a ƙasan mota, don ta juya ba tare da ta ci totuwa ba. Motar tattasai tana bukatar tayoyi bibbiyu a baya, kuma babu yaron da ya san abin da yake yi da zai manta da haka.

Motar langa-langa aikin manyan yara ce, 'yan shekara goma zuwa sama. Kayanta daga juji da bayan shaguna suke fitowa: gwangwanin madara, na tumatir, na sardin, na man girki, da wayar ɗaurin kaya. Kayan aiki kuwa ƙusa ce da dutse da tsohon almakashi. Ana farke gwangwani a buge shi ya miƙe, a yanka, a lanƙwashe bakinsa ciki don kada ya yanki hannu, a huda da ƙusa a ɗinke da siririyar waya. Abin alfaharin wannan mota shi ne sitiyari mai aiki. Ana kafa sandar tayoyin gaba a kan ƙusa ɗaya yadda za ta iya juyawa dama da hagu, a haɗa ta da doguwar waya mai kauri da ta taso har ƙugun mai tuƙi, a naɗe ƙarshenta ya zama zobe. Mai mota yana tafe a tsaye yana murzawa, mota tana shan kwana. Masu zurfin dabara har shakazoba suke sa mata, da wayar da aka nannaɗe a jikin ƙusa ko da robar cikin taya, don ta riƙa rausaya in ta hau tudu.

Ado shi ne inda ake ɓata lokaci, kuma a nan ne ake gane wanda ya tsaya ya kalli mota da kyau a tasha. Madubin gefe daga takardar azurfa ta kwalin sigari ko ta ledar madara ake yanko shi. Gilashin gaba farar roba ce ta gorar ruwa. Fitilu murafu ne ko maɓallai, sai dai tun da ƙananan tociloli masu arha suka cika kasuwa ana cire ƙwayayensu a haɗa da tsohon batir, mota ta fita da dare tana haskawa. Ana sa tsani a gefe, a rataya safaya, a ɗaura 'yar jarka da 'yar buta, a saki labulen roba a bayan tayoyi. Ana rubuta lamba a ƙare ta da RN, a manna 'yar tuta mai ruwan lemo da fari da kore, a rubuta "Allah ya kiyaye" a goshin mota, ko da rubutun boko ko da ajami, gwargwadon makarantar da mai motar ke zuwa.

Sannan sai lodi. Motar tattasai da babu kaya ba mota ba ce. Ana ɗinka 'yan buhuna da tsumma ko da yagaggen buhu, a cusa musu ɓarɓashin tattasai ko yashi, a jibga su har su ninka tsayin bodi, a rufe da leda a matsayin tamfol, a ɗaure da zare, a ɗora 'yan mutanen totuwa a can ƙololuwa. Wanda ya iya yakan bar lodin ya ɗan karkace. Ba kuskure ba ne. Haka ya ga ta gaske tana fita daga kasuwa. Mota mai tsabta da daidaiton sabuwa ba ta cika burge yara ba kamar wadda ta yi kama da ta sha hanya.

Da an gama ƙira sai wasa. Ana share hanya a cikin yashi da tafin hannu ko da gefen silifas, a yi gada da kara, a keɓe tasha, a gitta tsinke a ce nan ne shingen jandarma ko na duwan. Ganye ko murfin kwalba shi ne kuɗi. Mai ƙira shi ne direba, ƙaninsa yaron mota, shi ke lodi da saukewa, yana bin sa yana "Yaya, a ba ni in ja kaɗan." Ta wannan bin ne ake koyon sana'ar, domin ba wanda ke zaunar da wani ya koya masa. 'Yan mata ba su cika shiga ƙira ba, amma 'yan tsanarsu kan zama fasinja, wasan girkinsu kuma ya zama rumfar abinci a tasha. Ƙarar inji da ham da kukan birki duk daga bakin direba suke fita.

Motar kara ba ta daɗewa. Akuya na cin ta, jaki na taka ta, gara na shiga ta in ta kwana a ƙasa, ƙanne na zama a kanta. Gyaranta mai sauƙi ne, a zare totuwar da ta karye a soka wata. Ta langa-langa takan kai shekara ko fiye, ana faci ana sake waya, har ta zama gado daga wa zuwa ƙani. Idan mota ta mutu ba a jefar da ita ɗungum. Ana cire tayoyi da bututun biro da sitiyari da fitilu a adana a gwangwani, su ake musaya ko a sayar wa juna. Tayoyi huɗu masu kyau sun fi bodi daraja nesa ba kusa ba.

Abin da ya yi ƙaranci a garejin yaran Diffa shi ne jirgin ƙasa, kuma dalilin a fili yake. Dogo bai taɓa zuwa yankin ba. Ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, wani ya kai Maiduguri a 1964, duka a tsallaken iyaka. A Nijar, layin Yamai zuwa Dosso mai kusan kilomita 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka buɗe a 2016 bai yi jigila ba. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ko ya fara aiki, tsakanin Maraɗi da Diffa akwai kusan kilomita 700. Saboda haka inda aka yi jirgi, daga hoton littafin makaranta ko bidiyon waya aka kwaso shi: gwangwanayen sardin ne a jere, an sarƙa su da waya a matsayin taragai, na gaba da murfin biro a tsaye don hayaƙi. A kan yashi ake jan sa kamar kowace mota. Dogon ne ba a yi, tunda hoto ba ya nuna yadda leɓen taya ke kama ƙarfe.

A Turai da Amurka kuwa ƙera ƙananan jiragen ƙasa shagalin manya ne, masu kuɗi da lokaci. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya fito da daidaitaccen faɗin dogo na jiragen wasa a 1891, Hornby na Ingila kuma ya fara ƙera nasa jiragen a 1920. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin dogon ya zama milimita 16.5. A Hambag akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, cike da irin waɗannan jirage. Su masu shagalin da ma'auni suke aiki, yaron bakin Komadugu da ido. Amma akwai inda suka haɗu: masu wancan shagali kan sayi sabon tarago mai ƙyalli, su zauna da buroshi suna shafa masa launin tsatsa da ƙura da baƙin mai don ya yi kama da wanda ya yi aiki. Abin da mai karkata lodin tattasai ke nema ke nan, shi kuwa ƙurar kyauta yake samun ta.

Abubuwa biyu sun taɓa wasan a 'yan shekarun nan. Na farko motocin roba na Sin, waɗanda ake saya wa yara da salla. Suna da ƙyalli, amma in taya ta fita babu gyara, sau da yawa ma tayoyinsu kan ƙare a ƙarƙashin motar gwangwani. Na biyu rikicin da ya iso yankin da hare-haren Bosso da Diffa a Fabrairun 2015. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an dakatar da cinikin tattasai da na kifi, ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka tashi suka koma gefen kwalta. Yaran da suka girma a waɗannan matsugunai sun yi nisa da gonakin iyayensu da lakar kogi, sun kusanci gwangwanin mai da jarka da igiyar tanti, motocin da suka fi gani kuma tankokin ruwa ne da fararen motocin ƙungiyoyin agaji da na soja. An sake buɗe cinikin tattasai a 2017, na kifi a 2019, manyan motocin lodi suka dawo kan hanya.