Yadda kalma ɗaya a rediyo ta jawo karon jirage biyu a Tenerife

Mu mazauna Agege mun saba da ƙarar jiragen da ke tashi daga Ikeja, ko kai ba ma ɗagawa. Kwanan baya wani abokina mai gadi ya tambaye ni wajen mai shayi: "Malam, wai da me matuƙan nan suke magana da 'yan ƙasa?" Na nuna masa oba-obar da ke ƙugunsa, na ce kusan irin wannan ce.

Jiragen da ke yanki ɗaya duk suna kan mita ɗaya da jami'in hasumiya. Wanda ya danna maɓalli yana magana ba ya jin kowa. In kuwa mutum biyu suka danna tare, sauran ba abin da za su ji sai "ƙiiii".

Wannan ƙarar na cikin abin da ya jawo hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi. Ranar 27 ga Maris, 1977, bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, tsibirin Sifaniya da ke daura da gaɓar Maroko, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos a tsibirin Tenerife. Cikinsu har da manyan Boeing 747 biyu, na KLM daga Holan da na Pan Am daga Amurka. Da yamma hazo ya rufe filin, jami'in hasumiya ba ya ganin ko ɗayansu, kuma babu na'urar da za ta nuna masa inda suke a ƙasa.

Na KLM ya je ƙarshen titi ya juyo. Na Pan Am yana tafe a hankali a kan wannan titin. Hasumiya ta karanta wa KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Kyaftin ɗin ya ɗauka izinin tashi ke nan, ya saki birki. Mataimakinsa ya ce a rediyo "yanzu muna kan tashi", maganar da ke iya nufin "mun shirya" ko "mun fara gudu". Jami'in ya ce "OK", ya ɗan dakata, sannan ya ƙara da cewa su jira zai kira su. Daidai nan matuƙin Pan Am ya danna nasa yana cewa su fa har yanzu suna kan titi. Maganganun biyu suka cinye juna. "OK" ɗin kawai ya isa kunnen 'yan KLM da kyau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: injiniyan KLM ya tambaya ko Pan Am ya fita daga titin, kyaftin ya ce e. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747 na kamfanin, wa zai ja da shi? Mutum 583 suka mutu, 61 suka tsira, dukkansu daga Pan Am.

Tun daga nan aka tsaurara. Ba a furta kalmar "tashi" sai lokacin ba da izini ko soke shi. Matuƙi kuma dole ya maimaita umarni muhimmi tare da lambar jirginsa, don a gyara masa in ya ji ba daidai ba. Daga 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta gwajin Turanci ga matuƙa da jami'an hasumiya masu aikin ƙasa da ƙasa.

Rediyon dai bai sauya ba. Har yau, a Ikeja ko a Landan, in biyu suka danna tare, sai wani na uku da ke saurare ya shigo ya ce maganar ta toshe, a sake.