Sadakar tsohuwar mota a Amurka: kasuwar gwanjo ce ke yanke farashi

A ƙasar Amurka, inda ake sake mota tun injinta bai gaji ba, ƙungiyoyin agaji da yawa na roƙon jama'a ta rediyo da jaridu su ba su tsofaffin motocinsu. Su ke aikowa a ja motar daga ƙofar gida kyauta, kuma mai sadakar na iya cire darajarta daga cikin kuɗin shigar da gwamnati ke ɗora ma lampo. Ga lada ga rangwame, in ji masu talla. Sai dai lissafin bai kai tallar daɗi ba.

Har ƙarshen 2004, mai mota shi ke faɗin abin da motarsa ta kai a kasuwa, kuma da wuya mutum ya rena abin hannunsa. A 2003, hukumar GAO mai binciken kuɗin gwamnati ta bayyana cewa a shekarar 2000 kaɗai, takardun lampo wajen dubu 733 suka nemi wannan rangwame, baitulmali ya rasa dala miliyan 654 (dalar Amurka ake nufi, ba dala ta tamma biyar ba). Hukumar ta bi sawun motoci 54. Cikin kashi biyu bisa uku nasu, abin da ya shiga asusun ƙungiya bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta ba. Dalili kuwa, motar na faɗuwa da arha a kasuwar gwanjo, sannan kamfanin da ya ja ta da wanda ya yi talla da dillali duk sai sun ɗebi rabonsu kafin ragowar ta kai ga mabukata.

Wannan ne ya sa majalisar dokoki ta sauya doka a 2004, ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2005. Tun daga nan, in darajar ta wuce dala 500 kuma ƙungiyar ta saida motar, kuɗin da aka saida ta kawai mai sadaka zai cire. Wajibi ne ƙungiyar ta ba shi shaida cikin kwana 30 bayan cinikin, galibi a takarda mai lamba 1098-C, wadda ma'aikatar lampo ta IRS ke dubawa. Cikakken farashin kasuwa sai in ƙungiyar ta riƙe motar ta yi aiki da ita sosai, kamar kai ma tsofaffi abinci, ko ta yi mata babban gyara, ko ta miƙa ta ga wani mabukaci. A nan ne sadakar ke da armashi ga kowa.

Kuma rangwamen ba kuɗi ba ne da ake maido ma mutum dunƙule. Wanda ke biyan kashi 22 cikin 100, in an saida motarsa dala 1000, abin da zai ragu daga lamponsa ba zai wuce dala 220 ba. Wannan ma sai in ya zaɓi ya jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa. Tunda dokar 2017 ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya, masu jerawa sun dawo wajen mutum ɗaya cikin goma.

Ƴan Nijar mazauna can su lura da abu guda: ƙungiyar da IRS ta amince da ita kaɗai ake lissafawa. Wanda ya ɗoro mota a jirgin ruwa ta Kwatano, ya aiko ma wata ƙungiya a Maraɗi ko Damagaram kai tsaye, ko ya ba wani ɗan'uwa, ba za a rage masa ko dala ɗaya ba.