Gorillaz: Mawaƙan da aka zana da alƙalami

Wanda ya sayi tikitin kallon ƙungiyar Gorillaz a Landan a 2001 bai ga fuskar mawaƙi ko ɗaya ba. Wani ƙaton labule ne aka shimfiɗa a gabansa ana haska zanen katun a kai, kiɗa kuma na tashi ta baya. Makaɗan gaskiya suna can a ɓoye suna haɗa gumi.

Mutum biyu ne suka ƙulla wannan dabara a 1998: Damon Albarn, mawaƙin ƙungiyar Blur, da Jamie Hewlett, wanda ya zana Tank Girl. Gida ɗaya suke zaune a Landan, kuma kallon tashar MTV ya gundure su, domin a ganinsu ƙera mawaƙan lokacin ake yi kamar kayan kanti. Sai suka yanke shawarar su ƙera nasu a bainar jama'a. Hewlett ya zana mutum huɗu: 2-D mai shuɗin gashi shi ke rera waƙa, Murdoc na kaɗa jitar bas, Russel na kan ganguna, sai Noodle, yarinya 'yar Japan mai jita, wadda labarin da aka ƙirƙira musu ya ce a cikin akwatin FedEx aka aiko ta.

Fim ɗin Bananaz ne ya fara ɗaga labulen. Ceri Levy ya bi su da kyamara daga 2000 zuwa 2006, fim ɗin ya fito a 2008. Daɗinsa shi ne ba a yi masa kwalliya ba. Ga Albarn a sutudiyo yana laluben karin waƙa, ga Hewlett duƙe a kan takarda, ga baƙi na shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da dattijon mawaƙin Kuba Ibrahim Ferrer da 'yan De La Soul. A nan mai kallo yake gane cewa katun huɗun nan mutane da dama ne ke ɗauke da su.

Yawon wasa kuwa shi ne abu mai wuya. Zane ba ya hawa dandali. A bikin Grammy na 2006 an yi amfani da dabarar haske aka fito da su kamar masu jiki, suna tsaye tare da Madonna, an kuma yi shirin zagaya duniya da haka. Shirin ya watse: ga tsada, ga shi kuma ƙarar bas tana girgiza siririn allon da ake haska su a kai. Zuwa 2010 makaɗan sun fito gaba, katun suka koma allon baya.

Wannan zamanin ne fim na biyu, Reject False Icons, ya kama. Denholm Hewlett, ɗan Jamie, ya shafe shekara uku yana ɗaukar aikin kundin Humanz na 2017 da The Now Now na 2018 da zagayen da aka yi tsakaninsu. Dare ɗaya tak aka haska shi a silima, ranar 16 ga Disamba, 2019.

Najeriya ma tana da hannu a ciki. Remi Kabaka Jr., wanda ya daɗe yana muryar Russel kuma yake cikin masu tsara kiɗan ƙungiyar, ɗan makaɗin Najeriya Remi Kabaka ne. Tony Allen, mai gangunan Fela, abokin aikin Albarn ne na shekaru. Da ya rasu a ƙarshen Afrilun 2020, cikin 'yan kwanaki Gorillaz ta saki waƙar "How Far?" da suka naɗa tare da shi da mawaƙi Skepta.