Borin Hanji: Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina son in ja hankalinku kan wani ciwon jarirai wanda ba kowa ya san shi ba. A garinmu Gatawa, da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, idan goyo ya dinga amai da zawo, akan ce haƙori ne, ko kuwa a ce nonon uwar ne ya ɓaci. Daga nan sai a yi shawarar yaye. To, akwai wani ciwo wanda nonon uwa ba shi da laifi a ciki, hasali ma shi ne mafakar yaron. Likitoci suna taƙaita sunansa da FPIES. Ni kuwa zan kira shi borin hanji, domin hanjin yaro ne ke yi wa wani abinci bore.

Ga yadda yake. Yaro yana shan nono lafiya lau har ya kai wata shida, a fara ɗanɗana masa abinci. Ran nan a ba shi nonon shanu, ko madarar gwangwani, ko kunun da aka haɗa da waken suya, ko shinkafa. Ya sha, ya yi wasansa, ba abin da ya same shi. Sai bayan awa 1 zuwa 4 amai ya ɓarke, yana yi yana ƙarawa. Jikinsa ya saki, ya yi fari fat, ya kwanta lakwas kamar tsumma. Wani yaron kuma zawo kan biyo baya, wajen awa 5 zuwa 10 da cin abincin. Galibi kafin kwana ɗaya ya cika ya warware, kamar ba shi ba. Amma ran da aka sake ba shi wannan abincin, sai abin ya dawo.

Wannan jinkirin shi ke ruɗa iyaye. Yaron da ya sha fura da nono da hantsi, ya fara amai da azahar, a tsakani ya sha maman uwarsa sau biyu ko uku. Wa zai tuna da furar? Sai a kama nonon uwa, domin shi ne na ƙarshe da ya shiga cikinsa. An bar jaki ke nan ana dukan taiki. Kuma ciwon ba ya zuwa da ƙuraje ko kumburin leɓe irin na borin jini, balle a gane da ido. Gwajin jini da na fata ma ba su cika nuna shi ba. Labarin da uwa za ta bayar shi ne babbar shaidar likita.

Wata likita a Amurka, Geraldine Powell, ta yi bayaninsa a 1978 kan jariran da madarar shanu da ta waken suya ke sa wa amai da zawo. A 2017 kuma masana daga ƙasashe da yawa suka fitar da ƙa'idojin gane shi da kula da shi. Daga cikin abin da suka tabbatar, da wuya yaron da ke shan nonon uwa zalla ya kamu. Suka ce a ci gaba da shayarwa, kuma uwa ba sai ta daina cin abincin ba, muddin yaron yana lafiya yana ƙara nauyi. Saboda haka kada a hana mai shayarwa furarta da nononta a banza, a bar ta da yunwa. Sai fa in ma'aikacin lafiya ya ga dalili.

To, me za a ba yaron? Da farko a janye abincin da ake zargi gaba ɗaya, ko ɗanɗane kada a yi masa. Idan nonon shanu ne, kada a ce za a musanya da na akuya ko na tunkiya, don kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. A lura da man shanu, da kindirmo, da biskit mai madara. Idan waken suya ne, awara ma ta haramta gare shi. In an kai yaro wurin masu maganin tamowa, a faɗa musu tun da wuri, domin abincin nan na gyaɗa da suke rabawa a leda akwai madara a cikinsa.

Abin farin ciki, abincin da ƙa'idojin nan suka lissafa cikin masu sauƙin haɗari akwai shi a rumbunmu da kasuwarmu: gero, da kabewa, da kankana, da naman rago. Mu Gobirawa kuwa ai da gero aka san mu. Sai a dama kunun gero zalla, a fara da cokali ɗaya ko biyu. Kada a haɗa sabon abinci biyu rana ɗaya. A ba yaro kwanaki yana cin guda, in ya karɓe shi, sannan a ƙara wani. A kuma riƙa gwadawa da safe. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan, fita da mara lafiya cikin dare ba ƙaramin abu ba ne.

Idan aman ya zo, haɗarinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki. In sau ɗaya ne ko biyu, kuma yaron yana da kuzari, a ci gaba da ba shi nono kaɗan kaɗan, da ruwan gishiri da sukari. Amma in aman ya ƙi tsayawa, ko yaron ya langaɓe, idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, to, a garzaya asibiti a yi masa ƙarin ruwa. Kada kuma mu zama likitocin kanmu. Zazzaɓin cizon sauro da kwalara da zawon ƙazamin ruwa sun fi wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba, su ma suna sa amai. Idan abin ya yi ta maimaituwa, a nemi takardar zuwa wurin likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Mu ɗalibai muna da aikin yi a nan. Da yawa daga iyayenmu mata ba su yi boko ba, mu kuwa muna da biro da littafi. Mu riƙa rubuta musu abin da ƙaninmu ya ci, da lokacin da ya ci, da lokacin da ya fara amai. Wannan 'yar takarda za ta taimaki likita ƙwarai.

Daga ƙarshe, ina yi wa iyaye albishir cewa yawancin yara sukan rabu da ciwon tsakanin shekara 3 zuwa 5. Amma sake gwada abincin a asibiti ake yinsa, gaban likita. Kafin nan, a bar wa yaro nonon uwarsa har shekara biyu. Allah ya raya mana ƙannenmu, amin.