Ƙaramar kyamara: A saya yanzu ko a jira sabuwa? Lissafin 'yan ciranin Kore Mairuwa

Ƙaramar kyamarar nan mai shiga aljihu, wadda aka ɗauka wayar salula ta riga ta kashe mata kasuwa, ta sake yin farin jini a tsakanin matasa. Bidiyoyin TikTok da Instagram ne suka farfaɗo da ita, har ta kai wasu samfura sun yi wuyar samu a shagunan Japan da Turai da Amurka.

Ga ɗan Kore Mairuwa da ke neman kuɗi a Yamai ko Kwatano ko Abidjan ko Faransa, wanda yake son ya koma gida da abin ɗaukar hoton bikin ƙanwarsa ko na tsohuwar da ta raine shi, tambayar ita ce: ya sayi wadda ke kasuwa yau, ko ya ƙara haƙuri har kamfani ya fito da sabuwa?

Amsar tana da alaƙa da yadda kasuwar kyamara ta sauya, da kuma yanayin garin da za a kai ta.

Kasuwar da ta durƙushe ta sake miƙewa

Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a shekarar 2010 kamfanonin da ke cikinta sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121. Zuwa 2023 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8. Ƙananan kyamarori ne suka fi shan kashi, domin daga sama da miliyan 100 suka koma ƙasa da miliyan 2.

Dalilin a bayyane yake. Kowa ya samu kyamara a cikin wayarsa. A Nijar da Najeriya, wayoyin Tecno da Itel da Infinix sun shiga hannun mai shayi da ɗan kabu-kabu da manomi. Ganin haka sai kamfanoni suka rage ƙera ƙananan kyamarori, suka koma kan manya masu tsada.

Da buƙata ta dawo ba zato, sai ta tarar masana'antu ba su shirya ba. Wannan ne ya rushe tsohon lissafin da aka saba yi da wayoyi, inda ake cewa a jira sabuwa ta fito, tsohuwa za ta yi araha.

Abin da jira ya jawo wa wasu

Misali na farko shi ne Fujifilm X100V, wadda ta fito a farkon 2020 a kan dalar Amurka 1,399. A 2022 ta shahara a TikTok har kamfanin ya dakatar da karɓar oda na ɗan lokaci, kuma masu sayar da ta hannu suka riƙa ɗora mata kuɗin da ya wuce na sabuwa. Waɗanda suka jira magajiyarta, X100VI, sun gan ta a Fabrairun 2024 a kan dalar Amurka 1,599, sannan da yawansu suka shafe watanni a layi kafin ta zo hannunsu.

Na biyu shi ne Ricoh GR III, wadda masu ɗaukar hoton titi ke so saboda ƙanƙantarta. Ta fito a 2019 a kan dalar Amurka 899. Sai da aka yi shekara shida kafin GR IV ta fito a 2025, kuma ta zo a kan kusan dalar Amurka 1,500. Kamfanin ya kuma sanar da daina ƙera GR III tun kafin sabuwar ta shiga kasuwa.

Ita kuwa Canon PowerShot G7 X Mark III, da masu yin bidiyo a intanet ke rububi, tun 2019 take kasuwa, amma ta yi ta ƙarewa a shaguna shekaru bayan fitowarta.

Abin da misalan nan uku suka nuna shi ne tsakanin samfuri da wanda zai gaje shi ana iya yin shekara huɗu zuwa shida, sabon yakan zo da ƙarin kuɗi, tsohon kuma ba lallai ne ya sauko ba.

Idan aka juya kuɗin zuwa sefa

Dalar Amurka 1,500 ta haura sefa jika 800. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun daga Janairun 2024, jika 42 ne a wata. Ke nan kyamara ɗaya irin wannan ta ci albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da shekara ɗaya da rabi, kafin a yi maganar kuɗin duwan da na ɗauko ta.

Wanda ke Turai yana da sauƙin lissafi, tunda sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kowane yuro 1,000 kusan jika 656. Wanda ke Najeriya kuwa lissafinsa na tafiya ne da hawa da saukar naira, wadda darajarta ta faɗi sosai tun daga tsakiyar 2023. Mai tara naira don ya sayi kayan da ake shigowa da su da dalar Amurka, jira yakan cinye masa abin da ya tara.

Shi ya sa ga mafi yawan matasa zancen ba ya kaiwa ga waɗancan masu tsada. Abin da aljihu zai ɗauka shi ne tsofaffin Canon IXUS ko Nikon Coolpix ko Sony Cyber-shot na hannu, ko sabbi masu sauƙin kuɗi kamar Kodak Pixpro FZ45. A wannan rukuni, bambancin samfurin bana da na baɗi bai taka kara ya karya ba.

Garin da kyamarar za ta je

Kore Mairuwa tana gundumar Tibiri a jihar Dosso, gundumar da aka cire daga Dogon Dutsi a 2011. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso ta wuce Dogon Dutsi, a cikin kwarin Dallol Mawri, ƙasar Arawa, kuma ba shi da nisa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya.

Kusancin iyaka na kawo kaya, amma ba kullum ƙofar ke buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take tura wa Nijar ta layin Birnin Kebbi, har zuwa farkon 2024. Wanda ya dogara da cewa za a aiko masa da sabon samfuri daga Kano ko Legas a ranar da yake so, yana ɗora shirinsa ne a kan abin da ba ya hannunsa.

Sai kuma yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, a Afrilu da Mayu kuma zafi yakan wuce maki 40. Ƙananan kyamarori da yawa gilashinsu na fitowa ya koma duk lokacin da aka kunna aka kashe, kuma wannan motsin na iya zuƙo ƙura ciki. Idan ta zauna a kan allon da ke karɓar haske, sai ɗigon baƙi ya riƙa fitowa a kowane hoto. Masu amfani da GR III sun daɗe suna kuka da wannan matsala. Gyaranta kuwa ba aikin mai gyaran waya na bakin tasha ba ne, sai an dangana da babban birni.

Zafi shi ma yana rage ƙarfin batir. A nan tsohon samfuri na da wata fa'ida: batirinsa da cajarsa sun riga sun bazu a kasuwa. Sabon samfuri wani lokaci yakan zo da sabon batir, kamar yadda GR IV ta yi, kuma samun na canji a wannan yanki zai ɗauki lokaci.

Kalandar gida ba ta jiran kamfani

Kamfanonin Japan na da nasu jadawalin, Arewa ma tana da nata. 'Yan cirani da yawa na komawa gida ne da damina don noma, ko da Sallah. Bayan an cire gero da wake ake yawan ɗaura aure, a lokacin ne kuma filayen kokawa ke cika. Gasar takobin ƙasa, da aka fara a Tahoua a 1975, ta sa jihar Dosso alfahari da Issaka Issaka, wanda ya ɗaga takobin sau da dama, kuma daga filayen ƙauye irin waɗannan 'yan kokawa ke tasowa.

Wanda ke zuwa gida sau ɗaya a shekara, idan ya tsallake zuwan bana yana jiran sabon samfuri, ya rasa bikin bana ke nan. Tsofaffin da ke gida kuma shekaru na ja musu.

Yankin ya san darajar abin da ba a adana ba. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tunkari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, tana cikin manyan sunayen tarihin Nijar. Amma fuskar da mutane da yawa ke tunawa idan an ambace ta, ta Aï Keïta ce, 'yar wasan Burkina Faso da ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986.

Wa ya kamata ya saya, wa ya kamata ya jira?

Mai ɗaukar hoton biki da suna don neman abinci, shi ne jira ya fi cutarwa, domin duk kakar da ta wuce shi ba tare da kayan aiki ba, ciniki ne ya tafi. Haka ma wanda tafiyarsa gida ta matso kuma kuɗin na hannunsa.

Jira na da ma'ana ga mutum uku. Na farko, wanda kamfani ya riga ya sanar da ranar fitowar sabon samfurin da farashinsa, kuma zai iya biya. Jita-jitar intanet ba sanarwa ba ce. Na biyu, wanda ke da waya mai kyau kuma hotonsa ba ya wuce WhatsApp, domin kyamara mai araha ba lallai ta fi wayarsa ba, sai dai wajen jawo abu na nesa da kuma hasken filas da dare. Na uku, wanda kuɗin da zai kashe shi ne na iri da taki, ko na hatsin da gida zai ci a tsakiyar damina kafin sabo ya nuna.

Kafin a miƙa kuɗi

Masu sayen ta hannu su kunna ta su kashe sau da yawa, su saurari motsin gilashin. Su ɗauki hoton farin bango ko sararin sama su duba ko akwai ɗigo. Su tabbatar akwai batirinta a kasuwa, su sayi biyu.

A garin da wuta ke ɗaukewa, wadda ake yi wa caji da igiyar USB ta fi, domin za a iya jona ta da pawabank ko sola. Tun daga 28 ga Disamban 2024, Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin kyamarori masu caji da ake sayarwa a can su zo da kan USB-C, irin na wayoyin zamani. FZ45 kuwa da batirin AA take aiki, wanda ake samu a shagon unguwa.

A haɗa da jaka mai zif saboda ƙura, da memori na biyu, kuma a riƙa kwafe hotuna zuwa wani wuri. A guji ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro ko sansaninsu, sannan a nemi izinin dattawa da matan aure kafin a ɗaga kyamara, balle a saka hotonsu a Facebook.