Idan allurar juyin inji ta kwanta a tsohuwar Mazda mai injin Wankel

A garejin Adjamé da na Treichville, Toyota da Peugeot da Marsandi su ne abincin yau da gobe. Bakanike zai iya shafe shekaru bai ɗaga murfin motar da ba ta da fistin ko ɗaya ba. Amma irin waɗannan motoci suna nan a duniya, kuma duk wanda ya mallaki Mazda RX-7 ko RX-8 a Abijan, ko aka kawo masa ita gyara, ya kamata ya san cewa yawancin abin da ake ɗora wa injinta laifin wuta ne, kuma allurar da ke nuna juyin inji tana iya nuna inda matsalar take tun kafin a kwance noti ɗaya.

Injiniyan Jamus Felix Wankel ne ya ƙirƙiro wannan inji, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957. Mazda ta Japan ta rungume shi da motar Cosmo Sport a 1967, ta yi RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sannan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. A maimakon fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin gidansa, kowace fuska tasa tana shan iska da fetur, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaƙi. Waɗannan motoci suna da irin wannan ƙarfe guda biyu, na gaba da na baya.

Shekarun nan suna da muhimmanci a Kodebuwa. Tun daga 2018 ƙasar ta hana shigo da ƙananan motocin hannu da suka haura shekara biyar, ke nan babu wata RX-7 ko RX-8 da za ta sauka a tashar jiragen ruwan Abijan ta hanyar da aka saba. Wadda take ƙasa ita ke nan. Kayanta kuma ba sa zube a rumfunan 'yan gwangwan kamar na Corolla, galibi sai an yi oda daga waje an jira. Gyaran lalube, a canza wannan a ga, a canza wancan a ga, bai dace da wannan mota ba ko kaɗan.

Kowane ƙarfe mai juyawa yana da fulogi biyu, huɗu ke nan gaba ɗaya. Na ƙasa, mai alamar L, shi ke fara kunna wuta, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan aikin. Na sama, mai alamar T, yana biyo baya da ɗan jinkiri don ya ƙone abin da ya rage, saboda ɗakin ƙonewar dogo ne siriri. Kowane ɓangare, L da T, da nasa kwayil. To, a RX-7 na shekarun 1980, agogon juyin inji daga ɓangaren T yake karɓar saƙonsa. Wannan ɗan bayani shi ne rabin binciken.

Idan allura ta kwanta ƙasa, mota kuma tana tafiya kusan yadda ta saba, sai dai ta ƙara shan mai da warin hayaƙi, ɓangaren T ne abin zargi: kwayil ɗinsa, wayarsa, ko ɗan akwatin lantarki da ke ba shi umarnin sakin wuta. Masu mota da yawa sukan ɗauka agogo ne ya mutu su ƙyale, alhali rabin fulogoginsu ne suka daina aiki. Idan kuwa allura na aiki lafiya amma mota na wahalar tashi, ba ƙarfi, tana shaƙewa in an taka totur, a duba ɓangaren L. A ƙirar 1981 zuwa 1985 mai distirbuta, waɗannan ƙananan akwatuna biyu, na L da na T, iri ɗaya ne, suna manne a jikin distirbutar. Bakanike na iya musanya su: in cutar ta bi akwatin ta koma ɗaya ɓangaren, an gano mai laifi ba a kashe sefa ɗaya ba.

Akwai kuma gwajin da kowane direba zai iya yi daga kujerarsa. Lokacin da sitata ke juya inji, a zuba wa allura ido. In tana ɗan motsi, saƙon wuta na isowa, sai a karkata ga fetur ko fulogi. In ko gezau ba ta yi ba kuma mota ta ƙi tashi, a fara da fiyus, sannan na'urar da ke gano juyin inji, wadda ta maye gurbin distirbuta a ƙirar da ta biyo bayan 1985.

Allura mai tsalle-tsalle ita ce ta fi ba da wahala. Abin tambaya shi ne, shin injin na rawa tare da ita? In yana yi, wuta ce ke yankewa da gaske, sau da yawa bayan inji ya yi zafi a cunkoson gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, domin kwayil da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi ya gaza da zafi. In injin na nan daram allura kaɗai ke hauka, a duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, a duba soket, sannan a ciro allon agogunan. Dalmar da ke riƙe da sassan lantarkinsa takan tsattsage da tsufa, kuma masu gyaran rediyo da waya na Adjamé sun fi bakanike iya wannan aiki. Iskar Abijan mai laima, ga lagun ga teku, ga ruwan Mayu da Yuni, tana cin bakin wayoyi ta mai da su kore. A ganina, goge soket da ɗaure wayar jikin mota su ya kamata a fara yi kafin a ambaci sayen komai.

RX-8 dabam take. Allurarta daga kwamfutar mota take samun saƙo, don haka mutuwar kwayil ba ta kwantar da ita. Kwayil huɗu gare ta, ɗaya ga kowane fulogi, kuma an san su da saurin gajiya. Alamar ita ce jinkirin tashi, rawar inji, da fitilar gargaɗi mai ƙyaftawa. Kada a ci gaba da tuƙi a haka: fetur da bai ƙone ba yana wucewa cikin salansa ya lalata matatar hayaƙi, asarar ta ninka. Na'urar gano juyinta tana gaban inji kusa da fule, inda ƙura da ɓarɓashin ƙarfe ke manne mata, wani lokaci gogewa kawai take buƙata.

Fulogin wannan inji na musamman ne, na L da na T ma ba ɗaya ba ne. A RX-8, na NGK su ne RE7C-L da RE9B-T. Mai sayarwa zai fi gane ka in ka ce buji da bobin a maimakon fulogi da kwayil, amma lambar ita ce hujja, kada a karɓi "mai kama da shi". A kuma yi wa wayoyi alama kafin a cire su. In aka musanya T na gaba da na baya, wuta za ta tashi ba a lokacinta ba, hakan na iya karya ƙananan ƙarafan da ke toshe kusurwoyin mai juyawar, daga nan sai buɗe inji.

Cuta ta ƙarshe da ake yawan rikitawa da mutuwar wuta ita ce shaƙewa da fetur. Takan faru in aka tayar da mota da sanyi, aka matsar da ita taku kaɗan, aka kashe. Fetur ya jiƙa fulogi, ya wanke baƙin man da ke taimaka wa inji matse iska, sai sitata ta riƙa juyawa da sauri ba tashi. A RX-8, danne totur har ƙasa yayin juya sitata yana yanke fetur, ya ba inji damar bushewa. In bai yi ba, a ciro fulogi a shanya, a tsinke wutar kwayil kafin a juya inji, domin tururin fetur da tartsatsi ba sa zama wuri ɗaya. Kuma a sani, wannan inji da gangan yake shan ɗan baƙin mai don shafa cikinsa, saboda haka raguwar mai a hankali ba shaida ce ta lalacewa ba, a dai riƙa dubawa ana ƙarawa.

Sai an tabbatar da batir mai ƙarfi, sitata mai sauri, da wuta a fulogi huɗun nan, sannan a auna matsin inji. A nan ma awon ya bambanta da na fistin: kowane mai juyawa bugu uku yake bayarwa, ɗaya daga kowace fuska, kuma daidaituwar ukun ake nema. Bugu ɗaya mai ƙarfi da biyu marasa ƙarfi na nufin ƙarfen kusurwa ɗaya ya tafi, to a nan ne maganar sauke inji ta halatta.